Yadda zaka binciko tarihin tsohuwar gonarku kafin a yanka ta fuloti

In gonarku ta bakin gari ce, irin wadda gidaje suka fara cimma, to wallahi ka hanzarta, 'yan fuloti basa jira kuma tsofaffin da suka san labarin kullum raguwa suke.

Ka fara da zaga iyaka da sassafe tare da dattijon dake noma maƙwabciyar gonar, ba ɗan gidanku ba, shi magaji abinda zai ƙara mai kaso kawai yake tunawa. Ka riƙe mai goro. Kar kace Baba wace shekara aka sayi gonar nan, bazai sani ba, kace mai Baba zamanin wane dagaci ne, kafin babban fari ne ko bayansa? Farin nan 1973 ne, in kuma yace lokacin ana tsakar cinikin gyaɗa to kafin 1975 kenan, shekarar da cuta ta cinye gyaɗa a ƙasar Kano.

Sannan ka kalli ƙasa sosai. Layin gamba iyaka ne, ko an haɗe gona biyu zaka ga alamarsa. In kaga tsohuwar kuka ga tsingaro birjik a gindinta to galibi kufai ne, mutane sun taɓa zama gun. Mu a tamu ta wajen Ringim garmar shanu ce ta tono bakin karofi, ashe da marina ce, Gwaggo kaɗai ta tuna don ita ke kai fura gona tana yarinya, ita ta nuna min inda gandu, wato babbar gonar gida, ya tsaya da inda gayaunar kowa, wato 'yar gonarsa ta kansa, take. Kar ka raina tsofaffin mata.

Ka tambaya da kyau gado ce, saye, aro ko jingina, don a jingina rigima take kwanciya shekaru.

Takardu kuma ka duba adakar kaka, rasit ɗin haraji, takardar ajami, sai ta rabon gado a kotu. Ɗan Jigawa kar ka ruɗe in kaga an rubuta Kano, sai 1991 aka yanke jihar. Mai hali ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda ake ajiye tsofaffin takardun tarihi.

Ka ɗauki muryar kowa a waya da izininsa, amma kafin nan ka fara gaya wa mai unguwa da yayyenka abinda kake nema, in ba haka ba kafin la'asar gari ya ɗauka wai sayarwa zakayi.