Yadda ake daudawar batso da gurguzun yakuwa

A Yamai yanzu in ka ce yakuwa, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne zoɓo, jan ruwan nan mai sanyi da ake kira bisaf, wanda yara ke yawo da shi cikin goruna a bakin titi. A gidan da na tashi a Tahoua kuwa, zoɓo shi ne ƙaramin amfanin yakuwa. Ganyen ya shiga miya tun da damina, karan ya ba da igiya da toka, sannan ga ƙwayar da ke cikin ƙwanson, wato gurguzu, wanda kakata ba ta yarda ko ƙwara ɗaya ta faɗi ƙasa kaji su tsince. Da shi ake daudawar batso. Yana ci mini rai in ga mata sun cire zoɓo sun watsar da gurguzu, sannan sun kwance bakin zane sun sayi dunƙulen magi. Shi ya sa na zauna in rubuta yadda muke yin ta.

Ba mu kaɗai muka san ta ba. Zabarmawa na ce mata mari-bi, a Burkina Faso bikalga, a Mali datu, a arewacin Kamaru mbuja, a Sudan furundu. Galibi inda ɗorawa ta yi ƙaranci ake yin ta. Mu nan Adar, kalwa daga kudu take zo mana kuma da tsada, yakuwa kuwa ko a iyakar gonar hatsi aka yafa ta tana yi, ba ta neman ruwa mai yawa.

Aikin yana farawa ne da kaka, bayan an gama yankan hatsi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da zoɓon ya cika ya yi ja sosai. Ki yanko shi, ki raba jan ɓawon da ƙwanson da ke tsakiya. Ƙwanson yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, don haka ki shafa mai a hannu ko ki sa leda, kuma kar ki kai hannu ido. Jan ɓawon ki shanya shi daban a kan tabarma, inda iska ke ratsawa. Ƙwanson ki baza shi a rana har ya bushe ya fara tsagewa da kansa, sai ki bubbuge shi da sanda, ki shiƙe, ki bakace. Abin da ya rage a faifai, ƙwaya mai duhu mai tauri, shi ne gurguzu. Wadda ba ta noma ba, ta je kasuwar Lahadi ta auno tiya ɗaya. Ki duba shi da kyau kafin ki biya: in kin ga gari-gari a gindin kwano ko ƙwaya mai huji, ƙwaro ya riga ki.

Kwana ɗaya kafin dahuwa ki tanadi ruwan toka. Ki ƙona karan hatsi ko na dawa, ko karan yakuwar kanta, a wuri mai tsabta inda ba leda ba shara. In tokar ta huce ki zuba ta a tsohuwar tukunya ko kwano mai huji a gindi, ki fara shimfiɗa tsumma mai kyau ko ciyawa a ƙasa, ki zuba ruwa a kai, ki aza a kan wani mazubi ya riƙa ɗiga a hankali. Ruwan farko shi ne mai ƙarfi. Za ki ji yana santsi tsakanin yatsu, in kin ɗan taɓa a harshe ya yi miki zafi-zafi. Wasu na sa kanwa a madadinsa don sauƙi. Tana yi, amma ni a bakina daudawar kanwa ba ta kai ta toka ba, kuma hannu ya ɗan zarce sai ta yi ɗaci.

Ranar dahuwa ki yi bisimilla ki fara da wanki. Ki wanke gurguzun sau biyu ko uku, ki rege shi a ƙwarya kamar yadda ake rege shinkafa, don tsakuwa ɗaya in ta shiga turmi ta niƙe, duk daudawar za ta riƙa ƙasa-ƙasa a haƙori. Wanda ya taso saman ruwa fanko ne, ki kwashe ki zubar.

Sai babban aikin. Gurguzu yana da taurin kai, kuma a nan ne karin maganar nan ta mai haƙuri shi kan dafa dutse ta zama gaskiya a zahiri. Ki sa shi a babbar tukunya, ruwa ya sha kansa da kamu guda, ki hura wuta da itace mai jimiri. Awa 8 zuwa 12 yake ɗauka. Mu mukan aza bayan sallar asuba mu sauke wajen magariba, wasu kuma su aza da dare su bar shi ya kwana kan garwashi. Duk lokacin da ruwa ya ja, ki ƙara, amma ruwan zafi, don na sanyi yana mayar da dahuwa baya. Ba agogo ne zai gaya miki ya yi ba, yatsunki ne: ki ɗauko ƙwara ki matse tsakanin babban yatsa da manuni, in ta murƙushe ba gardama to ya nuna. In akwai sauran tauri a tsakiya ki mayar da murfi. Na taɓa gajiya na sauke da wuri a shekarar da na yi aure, daudawar ta fito da tsaki-tsaki, ba ta narkewa a miya, ƙarshe tumaki na ba.

In ya nuna ki tsane ruwan, ki juye gurguzun da sauran ɗuminsa a tukunyar ƙasa busasshiya ko kwando da aka shimfiɗa wa buhu mai tsabta. Ki rufe ruf, ki lulluɓe da tsofaffin zannuwa, ki ajiye a lungun ɗaki inda iska ba ta kaɗawa. Kwana 2 zai yi a haka, kuma kar ki riƙa buɗewa kina leƙe. Abin da ke faruwa a ciki aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, irin waɗanda ke ruɓar da kalwa, suna son ɗumi, su ne ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwayar su mayar da shi ɗanɗano. Gurguzu kuwa yana da wannan sinadari da yawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, ga kuma mai. Shi ya sa miyar batso ke riƙe ciki ko ba nama, abin da dunƙulen kanti ba zai taɓa yi ba tunda mafi yawansa gishiri ne. Da sanyin hunturu ki ƙara masa kwana ɗaya.

Ranar da kika buɗe, wari mai ƙarfi zai buge ki, ƙwayar ta yi duhu ta yi danƙo. Haka ake so. Abin da ba a so shi ne furfurar ruɓa mai launin kore ko baƙi, ko tsutsa. In kin ga haka ki zubar, kar ki yi rowar kanki. Ki zuba a turmi ki daka, kina yayyafa ruwan toka kaɗan-kaɗan. Ni ludayi uku nake sa wa tiya ɗaya, amma tokar kowa da ƙarfinta, don haka ki bi da ido: so ake ya haɗe ya zama kamar tuwo mai tauri, ba kunu ba. Ki mayar cikin tukunyar ki sake rufewa kwana ɗaya. Wannan rufi na biyu shi mata da yawa ke tsallakewa, alhali shi ne ke fito da ƙamshin.

Daga nan sai shanya. Ki cura ƙanana ko ki fyaɗa su kamar waina, ki jera a faifai ko tabarma a kan rufin ɗaki, ki yafa wani siririn mayafi saboda ƙuda. Kwana 2 zuwa 3 a ranar Tahoua sun isa, kina juyawa. In ta bushe har ciki, ki adana a tulu ko gwangwani mai murfi, za ta yi watanni. Wajen miya ki daka dunƙule ɗaya tare da tonka da albasa, ki sa tun ruwa bai tafasa ba don ta saki jikinta. Ta fi dacewa da miyar kuka, da busasshiyar kuɓewa, da ta ganyen yakuwar kanta.

Jan ɓawon da kika shanya kuma, ki ɓoye shi don azumi. Ba gidan da ba ya son zoɓo a buɗa-baki, kuma aika wa maƙwabta ko masallaci da shi sadaka ce mai sauƙi. Haka ranar suna da walima. Ki ɗauraye ƙura, ki jiƙa a ruwan zafi da citta da kanumfari, ki tace, ki sa sukari daidai. Ki yi shi a kwanon roba mai kauri ko na silba mai kyau, don tsaminsa na cin tukunyar dalma da ta ƙarfe, launi ya ɓaci. Wanda aka sa wa sukari ya kwana biyu cikin zafi har ya fara kumfa, ba na sha ba ne.

Tsofaffinmu sun daɗe suna ba mai hawan jini zoɓo marar sukari, kuma bincike ya goyi bayansu: a jami'ar Tufts ta Amurka an gwada mutum 65, aka ba rabinsu kofi 3 kullum har mako 6, awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7, aka buga sakamakon a 2010. Amma wannan taimako ne, ba madadin magani ba. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya kar ya ajiye ta, ya kuma gaya wa likitan yana shan zoɓo, don su biyun in sun haɗu jini na iya sauka fiye da kima. Mai juna biyu ta rage shi sosai, kuma kar a haɗiyi ƙwayar magani da shi, a sha da ruwa.

Abu ɗaya kar ki manta tun ranar bakace, kafin gurguzu ya ga ruwa: ki ware cikin tafi biyu na ƙwaya mafi cika, ki gauraya da busasshiyar toka, ki ƙulle a tsumma ki rataye. Shi ne irin baɗi, da zarar ruwan shuka ya sauka sai a bi iyakar gona da shi.