Kafin ka yarda da mai sharhin fim, ka san daga ina ya fito

Akwai wani mai sharhin fim a jaridar da nake karantawa duk mako wanda na yi kusan shekara biyu ina jin haushinsa. Ba zan kama suna ba, don daga baya na gane laifin da na ɗora masa nawa ne. Ya taɓa kambama wani fim har ya ce wanda bai gani ba ya yi asara. Na ja ƙanena muka je silima, muka zauna awa biyu da ɗoriya, labari ya ƙi gaba ya ƙi baya, ƙanen nawa ya yi barci har da minshari. Na fito ina cewa ko dai an toshe wa mutumin nan baki, ko kuma bai san fim ba. Sai can bayan watanni na ji ana hira da shi a rediyo, yana ba da labarin shekarun da ya yi yana saɓa kyamara a kafaɗa kafin ya fara rubutu. A nan kan zaren ya fito mini. Ashe idan ya zauna gaban allo ba labari yake bi ba, haske yake bi, da inda aka kafa kyamara, da yadda inuwa ta raba fuskar jaruma biyu. A wannan ma'aunin fim ɗin ya cancanci duk yabon da ya yi masa. Ni ne na je neman ruwa a wurin mai sayar da itace.

Tun daga ranar na canza yadda nake karanta sharhi, kuma hanyar da na bi ba ta buƙatar komai sai littafin rubutu da ɗan haƙuri.

Ka fara da fina-finan da ka riga ka gani. Yawancinmu muna buɗe sharhi ne don mu san ko sabon fim ya isa a ɓata masa lokaci, to a wannan halin ba ka da abin da za ka gwada maganar mai sharhin da shi. Ka juya abin. Zaɓi mutum ɗaya da yake rubutu a jaridarku ko yake magana a rediyo, ka nemo tsofaffin sharhinsa kamar goma, a kan fina-finan da kai ma ka kalla har ka yanke naka hukuncin. Ka ja layi a tsakiyar shafi: hagu abin da ka ji a ranka, dama abin da ya ce. Kada ka damu da yawan taurarin da ya bayar a matsayin maki. Tauraro uku na wani ya fi biyar na wani tsada, kuma lissafin taurari ba ya gaya maka dalili.

Abin dubawa shi ne inda ya zuba kalmominsa. Kusan kowane sharhi yana da ɓangaren da ake taƙaita labari, wannan tsallake shi, kowa na iya yi. Duba jimlar da ta biyo baya, inda mutum ya sami sararin faɗin abin da yake so. Wani nan take zai faɗa kan 'yan wasa, wane ya yi kuka na gaske, wace ta cika ihu. Wani zai kama rubutun fim, ya ce wannan maganar ba mai yin ta a zahiri. Wani kiɗa ne da sauti. Wani kuwa tarbiyya ce kawai a gabansa, me fim ɗin zai koya wa yara. Na kan ja layi da jan biro a ƙarƙashin irin waɗannan jimlolin. Kafin ka kai sharhi na shida za ka ga jan biron ya taru a wuri ɗaya, kuma wurin nan shi ne mutumin.

Daga nan sai ka bi sawunsa baya. Kusan babu mai sharhin fim da aka haifa cikin sana'ar. Kowa daga wani gida ya shigo, kuma ya shigo da kayan aikin gidan. Wannan ba halin ƙananan jaridu ba ne kawai, manyan da duniya ta sani ma haka suka faro. Roger Ebert, wanda ya fara yi wa jaridar Chicago Sun-Times sharhin fim a 1967 kuma bai daina ba har rasuwarsa a 2013, tun yana ɗan makarantar sakandare labarin wasanni yake rubuta wa jaridar garinsu. Ɗan jarida ne kafin komai, shi ya sa rubutunsa ba ya kwana-kwana, yana yi ne don mutumin da ya dawo daga aiki a gajiye yana son a gaya masa magana a fili. Da wannan salon ya zama mai sharhin fim na farko da ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a 1975. Manny Farber kuwa mai zane ne, ya kuma yi aikin kafinta, saboda haka idan ya kalli fitowa ɗaya a fim abin da yake aunawa shi ne fili, wa ke tsaye a gefe, me aka cusa a lungun hoto. Satyajit Ray zanen tallace-tallace yake yi wa wani kamfani lokacin da shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu kallon fim a Kalkata ta Indiya a 1947, ya yi ta rubutu a kan fim kafin ya fara shirya nasa.

Wadda labarinta ya fi burge ni ita ce Pauline Kael. An haife ta a 1919 a gidan masu kiwon kaji a Kalifoniya, ta karanci falsafa a jami'ar Berkeley, ta yi ta faɗi-tashi da ƙananan ayyuka. Ta yi sharhi a wani gidan rediyo ba tare da ana biyan ta ba, ta kuma gudanar da wata 'yar silima inda ita ce ke rubuta bayanin fina-finan da za a nuna. Sai da ta doshi shekara 50 sannan ta sami mazauni a mujallar The New Yorker a 1968, ta zauna har 1991. Wanda ya san ta tsaya a ƙofar silima tana kallon fuskokin masu fitowa, ba zai yi mamakin yadda take fifita abin da fim ya sa jiki ya ji a kan duk wata doka ta masana ba. An san ta da cewa ba ta kallon fim sau biyu. To ka ga idan kai mai son fim ɗin da sai an maimaita shi ake gane shi ne, ka san da wadda kake magana.

Naku na gida ma haka za ka yi masa. Tarihinsa ba ɓoyayye ba ne. Yana cikin 'yan layukan da jarida ke sa wa a ƙarƙashin sunansa, yana cikin hirarrakin da ya yi, kuma ya fi yawa a cikin suɓutar bakinsa, inda zai ce “lokacin da nake koyarwa” ko “mu da muka yi aikin dare a asibiti”. Akwai wata da nake bi a rediyo wadda daga irin wannan suɓutar na gane tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Duk fim ɗin da aka nuna likita yana yin abin da bai dace ba, ta gama da shi, ko da sauran ya yi kyau. Na koyi rage mata kashi ɗaya a nan. Amma idan ta ce an nuna zafin rashin ɗan'uwa yadda yake, ba na musu, don ta ga na gaskiya fiye da sau ɗari.

Asali daban, abin da mutum ya ƙallafa a rai daban, kodayake sukan haɗu. Abin da ya ƙallafa shi ne batun da yake komawa kai ko ba a tambaye shi ba. André Bazin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar Cahiers du Cinéma a Faransa a 1951, horon malanta ya samu amma in'ina ta tare masa hanyar aji, sai ya mayar da koyarwar tasa ƙungiyoyin kallon fim, har cikin masana'antu wurin ma'aikata. Abin da ya riƙe shi ne a bar kyamara ta daɗe tana ɗauka ba tare da an yi ta yayyanka hoto ba, mai kallo ya zaɓi abin da zai duba da kansa. Tahar Cheriaa na Tunusiya, malamin Larabci da ya taso daga ƙungiyoyin kallon fim ya kafa bikin fina-finai na Carthage a 1966, shi damuwarsa ma ba ta tsaya kan allo ba: wa ke riƙe da rarraba fina-finai, me ya sa fim ɗin Afirka ba ya samun silimar da za ta nuna shi a Afirka. Paulin Soumanou Vieyra, haifaffen Porto-Novo ta ƙasar Benin da ya yi rayuwarsa a Senegal, burinsa kada tarihin fim ɗin Afirka ya ɓace ba a rubuta ba. Irin waɗannan mutanen idan suka yabi fim, sau da yawa wata manufa ce suke karewa, kuma ba laifi ba ne. Kai dai ka san da ita.

Kishiyar so ita ce ƙi, kuma ƙi ya fi saurin bayyana. Ebert bai taɓa ɓoye cewa fina-finan 3D, waɗanda hotonsu ke kamar zai fito daga allo, ba su kwanta masa ba. Wani ba ya ƙaunar waƙa a tsakiyar fim, wani fim ɗin ban tsoro ne ba ya iya zama ya gani, wani barkwanci yake raina wa. Idan ka gano wannan tabon, ka rubuta shi a saman shafi, ka daina neman shawararsa a wannan fannin.

Sai kuma batun da masu karatu ba su cika lura da shi ba, wanda kuma ya fi damun mai sharhi na gida fiye da na nesa: yana zaune cikin mutanen da yake auna aikinsu. Daraktan da ya soka yau, gobe za su haɗu a wurin taro. Furodusa ne ke aiko masa da katin gayyata. Wataƙila shi kansa yana da rubutun fim a aljihu yana neman wanda zai ɗauka. Wannan ma tsohon abu ne. François Truffaut ya caccaki manyan masu shirya fim na Faransa a wata maƙala a 1954, zafin alƙalaminsa ya sa aka hana shi shiga bikin fina-finai na Cannes a 1958, shekara ɗaya bayan nan ya dawo bikin da nasa fim ɗin ya ci kyautar darakta. Duk sukar da ya yi a baya, share wa irin fim ɗin da yake son yi hanya take. A wurin na gida kuwa abin yakan fito ta hanyar shiru. Idan ka ga mai kaifin baki ya cika shafi da yabon sutura da kyawun wurin da aka ɗauki fim, bai ce uffan kan labari ko wasan jarumai ba, to ka karanta abin da bai rubuta ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin rashin gaskiya ba, kunya ce da zaman tare, amma dole mai karatu ya iya harshen.

Saboda haka kada ka tsaya kan mutum ɗaya. Nemi na biyu wanda asalinsa ya saɓa da na farko. Mutanen Shikago sun daɗe suna cin wannan moriyar: Gene Siskel, wanda ya karanci falsafa a jami'ar Yale, yana jaridar Chicago Tribune, Ebert yana abokiyar hamayyarta, daga 1975 kuma aka haɗa su a shirin talabijin ɗaya suna gardama har Siskel ya rasu a 1999. Gari ɗaya, fim ɗaya, ɗaya ya ɗaga yatsa sama ɗaya ya kifar. Ni ma'aikaciyar jinyar nan da tsohon mai kyamarar nake haɗawa. Idan duka biyun suka yaba, ko tambaya ba na yi. Idan shi kaɗai ya yaba, ni kaɗai nake zuwa, ƙanena ya zauna a gida.

In Allah ya haɗa ka da ɗayansu, a bikin fim ko bayan an tashi daga kallo, kada ka ɓata damarka da tambayar wane fim ne ya fi kowane. Sun gaji da ita, kuma amsar ajiye suke da ita. Tambaye shi wane fim ne ya fara gani a babban allo, wa ya kai shi. Tambaye shi wane fim ya soka daga baya ya yi da-na-sani, da wanda yake kallo a ɓoye yana jin kunyar a sani. Na sami wannan damar da tsohon mai kyamarar nan bara, muna saukowa daga matakalar silima. Na gaishe shi, na ce, “Malam, ni fa akwai fim ɗin da ka sa na kai ƙanena ya yi barci.” Ya tambayi wanne, na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen matakala, ya ce shi ma matarsa barci ta yi. Sannan ya tsayar da ni wajen minti ashirin yana kwatanta mini da hannu yadda aka haska wata fitowa da fitila ɗaya tak, har mai gadi ya zo ya ce zai rufe ƙofa.