Mai jego, duba abin da kike shafa wa ciwo

Duk ɗakin mai jegon da na shiga barka sai na tarar da kwalbar aidin da Robb a gefen katifa. Na gaji da faɗa ɗaya bayan ɗaya.

A haihuwar fari kan nonona ya tsage har da jini. Wata maƙwabciya ta ce in goge da sifirit in shafa Robb. Na yi. Raɗaɗi kamar an zuba barkono, tsagar ta ƙara buɗewa, yarinya ta ji wari ta ƙi kamawa. Na bar mata ɗaya nonon, mai ciwon ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni, ƙarshe sai da aka tsaga aka fitar da mugunya. Ashe kafur ɗin da ke cikin irin wannan man guba ne ga jariri. Kuma tun farko kamun ne bai yi daidai ba: kan kawai take tsotsa, alhali ya kamata bakinta ya haɗa da baƙin da ke kewaye. Yanzu in na ga tsaga, kamu nake fara gyarawa, in matso ɗigon nono in shafa, in bari ya sha iska. Shayarwa kuwa ba na dainawa.

Sai aidin. Haba 'yar'uwa, safe da yamma kina malala Betadine (wani nau'in aidin) a ɗinkin tiyata har sati uku, wa ya sa ki? Jiki yana shanye shi, ya taru a ruwan nono, ya iya danne aikin ƙwayar wuyan jariri, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Bakwaini ya fi shiga haɗari. Ni ruwa mai tsabta da sabulu nake amfani da su, in tsane wurin. In ana buƙatar ƙari, ki tambayi nas ko za ta ba ki chlorhexidine, wani maganin wanke ciwo da ba shi da aidin.

Zuma a kan nono, a'a. Ba a ba yaron da bai kai wata 12 ba, ko lasa ce.

Fasa kafso a barbaɗa a ciwo ba magani ba ne.

Man shafawa na Funbact-A da danginsa suna jinkirta warkewar ciwo.

In ƙuna ce aka rubuta miki man Dermazin, ki gaya wa likita kina shayarwa, musamman in jaririn bai kai wata 2 ba ko yana da ciwon shawara. Ki rufe wurin da bandeji, ki wanke hannu kafin ki ɗauki jaririn.