Yadda za ku tattauna saɓanin 'yan kwaminis a majalisa ba a tashi baram-baram ba

Toh 'yan uwa masu zaman karatun siyasa, ko a Gwammaja kuke haɗuwa kusa da Mambayya ko gindin bishiya a tsohuwar BUK, ga yadda mu muke yi, don wallahi yana min ciwo in ga matasa masu kishin talaka sun daina gaisawa kan abin da ba su tsaya sun fahimta ba.

Kafin a zuba shayi, mai jan zaman ya ɗau bayan kwali ya ja layi, gefe ɗaya ina aka dosa, ɗaya gefen wace hanya za a bi. Yawancin rigimar ta hanya ce. A 1903 Lenin da Martov, jagorori a jam'iyyar 'yan gurguzun Rasha, duk so suke a kifar da Sarkin Rasha, abin da ya raba su shi ne waye ɗan jam'iyya, sai mai aiki cikin reshe ko kuwa duk mai ba da gudummawa, rigimar da ta haifi ɓangarorin Bolshebik (na Lenin) da Menshebik (na Martov) kenan.

Sannan duk wanda ya kawo hujja a ce masa malam a ina, wace shekara. Wannan ka riƙe shi sosai. Wani zai ce ƙawance da 'yan jari-hujja halaka ne, ai Mosko ce ta sa 'yan kwaminis na Sin suka zauna cikin Kuomintang, jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, a Afrilun 1927 jagoranta Chiang Kai-shek ya juya musu a Shanghai aka yi musu kisan gilla, kuma gaskiyarsa ne, amma sai ka kai shi Jamus inda 'yan kwaminis suka ƙi haɗa kai da 'yan soshal dimokuradiyya, wato masu sassaucin ra'ayin gurguzu, har suna kiransu 'yan fasist, Hitler ya hau a 1933 ya murƙushe su duka, sai a 1935 Kwamintan, ƙungiyar jam'iyyun kwaminis ta duniya, ta dawo tana kiran a haɗa kai.

Daga nan ku dawo gida. PRP ba jam'iyyar kwaminis ba ce, amma rabuwarta gida biyu, Santsi da Taɓo, a 1980 wannan tambayar ta ƙawance ce dai: gwamnoninta Rimi da Balarabe Musa ('yan Santsi) na zama da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP, ɓangaren Malam Aminu (Taɓo) ya ce a'a. Ku gayyato dattijon da ya ga zamanin, a shimfiɗa masa darduma a gaba, a ce Baba bismillah, kar a katse shi.

Kuma kafin kowa ya soki ɗan uwansa, sai ya maimaita hujjarsa da bakinsa har mai ita ya ce eh haka nake nufi.