Babi na 6: Lissafin Ruwan Tsarki da Tishu Kafin a Shiga Matsi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, mu a Gadarif, gabashin Sudan, mun san yadda famfo ke ɗaukewa ba sallama. Iyayena da yayyena, ku ɗauko fensir.

Darasi na 1: Ƙirga mutane

Ku ja ɗan layi ɗaya a takarda, a tsaye, kamar tsinken ashana. Layin nan mutum ɗaya ne. Ku fara da kanku. Na ce ku fara da kanku, domin kullum mai rubutun ne ke mance kansa.

Duk wanda ya kwana a gidan jiya yana da layi. Jariri yana da layi, shi ma ana wanke shi. 'Yan'uwan da suka gudo daga garin Wad Madani suna da layi, ko da sun ce gobe za su tafi. Inna, na san kina kunyar ɗan fari, ba sai kin faɗi sunansa ba, ja masa layi kawai. Baba, na san ba a son ƙirga 'ya'ya, to buta muke ƙirgawa.

Ku sake dubawa. Kun sa kanku? Jariri fa? Baƙi fa? Madalla, haka ake yi. Wanda ya kuskure ya goge, ba abin kunya ba ne.

Amma mako uku ke nan ina faɗa, har yanzu wasu na kawo mini layi 4 alhali gidansu ya fi mutum 10. Haba jama'a! Ranar da ruwa ya yanke, wanda ba ku ƙirga ba ai sai ya shiga bayan gida.

Darasi na 2: Ruwa

A ce butarku na cin lita 2, kowa kuma buta 2 a rana. Lita 4 ke nan ƙarƙashin kowane layi. Mutum 5, lita 20, wato jarka ɗaya a rana. Kwana 7, jarka 7. Wannan ban da ruwan sha da na girki.

Darasi na 3: Tishu

Idan ruwa ya yi ƙaranci, tishu na rage wa buta aiki. Ku rubuta ranar da kuka buɗe naɗi da ranar da ya ƙare. In ya yi kwana 2, ku ajiye 4 na mako. A sa a leda saboda damina.

Darasi na 4: Sabulu

Kamar na tishu. Ku yi a gida.