Yadda Ake Sabunta Yadin Mazaunin Doguwar Kujera

Doguwar kujerar nan mai dogayen ƙafafu da zagayayyen mazauni na mutum ɗaya, da ake ajiyewa a bakin kanta, wadda ake gani a shagunan sayar da magani da gidajen abinci da rumfunan masu POS a cikin garin Bauchi, ba kasafai ƙafafunta suke lalacewa ba. Mazauninta ne yake fara gajiya, domin zafin watannin Maris da Afrilu yakan busar da ledar da aka lulluɓe shi da ita har ta tsage daga gefe, ƙurar hunturu kuma ta samu hanyar shiga cikin soson. Mutane da yawa sukan jingine kujerar a lungu da zarar ta kai wannan matsayi, alhali gyaranta aiki ne da mai haƙuri zai iya yi da hannunsa, muddin ya kula da abu biyu: ingancin soson da ke ƙarƙashi, da kuma yadda zai ja sabon yadin.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar sukundireba, filaya, almakashi mai kaifi, tef na awo, alli, gam, da na'urar harba fil irin ta masu aikin kushin. Wanda bai samu na'urar ba yana iya amfani da ƙananan ƙusoshi masu faɗin kai da guduma, sai dai aikin zai ɗan ɗauki lokaci.

Da farko a kifa kujerar, a kwance sukurorin da suka riƙe katakon mazaunin, waɗanda galibi guda huɗu ne, a zuba su a kofi don kada su ɓace. Idan kujerar mai juyawa ce, za a ga farantin ƙarfe a ƙarƙashinta. Sukurorin da suka shiga katako kawai za a taɓa, a bar farantin a jikin ƙafafun. A yi alama da alli a wajen da yake gaba, sannan a ɓanɓare tsofaffin fil ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaga su da bakin sukundireba ana zarewa da filaya. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi gajiyarwa, amma duk fil ɗin da aka bari zai hana sabo shiga, ko ya huda yadin daga baya.

Idan an yaye tsohuwar ledar, a dubi katakon da kyau. In gara ta ci shi, ko ruwa ya kumbura shi har yana ɓarewa, fil ba zai kama ba, don haka sai a kai wa kafinta ya yanko wani daidai girmansa, mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci. Daga nan a danna soson da tafin hannu. Soso mai rai yana tasowa nan take, wanda ya mutu kuwa yakan tsaya a lotse, ko ya riƙa marmashewa yana barin gari a yatsu. A ganina babu asarar da ta kai a sayi yadi mai tsada a lulluɓe mataccen soso da shi, domin ba za a daɗe ba tsakiyar za ta rufta, yadin ya yi sako-sako ya tattare. A nemi soso mai tauri, mai kaurin inci 2 zuwa 3. Kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna yin soso hawa-hawa, kuma da yake mazaunin ƙarami ne, guntun da ya rage wa mai aikin kushin yakan wadatar. A ɗora katakon a kan soson a zana kewayensa, a yanka da ƙarin kimanin rabin inci, saboda soson ya rufe kaifin bakin katako. A shafa gam kaɗan a manna su, a wajen da iska take shiga, domin warin gam yana hawa kai.

Zaɓen yadi ya danganta da inda kujerar take aiki. A gidan abinci, inda miya da mai suke zuba, leda ta fi dacewa tunda tsumma mai laima yana goge ta, ko da yake tana sa gumi a lokacin bazara. A cikin gida kuwa yadin kushin mai kauri ya fi daɗin zama. Atamfa da shadda suna da kyau a ido, amma ba a saƙa su don gugar zama ba, kuma sukan yage a wajen fil.

Kafin a nufi Kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa, a yi awo. Misali, mazauni mai faɗin inci 14 da soso mai inci 2 yana bukatar a ƙara kaurin soso da na katako ta kowane gefe, da wasu inci 2 na kamawa a ƙarƙashi, su ma ta kowane gefe, wato a yanka da'ira mai faɗin kimanin inci 24. Faɗin yadin kushin yakan kai inci 54, saboda haka yadi ɗaya da rabi zai ishi kujeru huɗu. Idan yadin yana da zane, a tabbata zanen ya zauna a tsakiya kafin almakashi ya taɓa shi.

Yanzu an zo ainihin aikin. A shimfiɗa yadin fuskarsa tana kallon ƙasa, a kifa mazaunin a tsakiyarsa, soso a ƙasa katako a sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara harba fil daga wuri guda a bi da'irar, wanda ke sa yadin ya taru a ƙarshe ya yi ƙulli. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki mazaunin tamkar yana da kusurwowin duniya huɗu: a kafa fil ɗaya a gabas, a ja yadin a kafa na biyu a yamma, sannan kudu, sannan arewa. Bayan haka a riƙa raba kowane tsakani gida biyu, kuma duk fil ɗin da aka kafa a bi shi da wani a gefen da ke fuskantarsa. A ja da dukan hannu ana shafo yadin daga tsakiya zuwa baki, domin ja da yatsu biyu yana barin kwari a gefen soso. Rarar yadin da ke taruwa a riƙa naɗe ta ƙanana-ƙanana, duka suna kallon gefe ɗaya, a ɓoye su a ƙarƙashin katako. Fil mai tsawon milimita 8 zuwa 10 ya isa, kuma a bar kimanin inci ɗaya tsakaninsa da bakin katako. Idan leda ake sakawa, a shanya ta a rana na ɗan lokaci, za ta yi laushi ta bi jikin da'irar ba gardama. Lokaci-lokaci a birkito mazaunin a duba, in an ga tattara a cire fil biyu ko uku a sake ja tun aikin bai yi nisa ba.

Idan fuskar ta yi sumul, a datse rarar yadin, a tabbata bai rufe ramukan sukurori ba. A yanka baƙin ƙyalle mara kauri a rufe ƙarƙashin da shi don tare ƙura, a huda shi a daidai ramukan. A mayar da mazaunin bisa alamar allin, a saka sukurorin duka huɗu sako-sako tukuna, sannan a ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Idan wani rami ya buɗe har sukuru yana juyawa banza, a cusa tsinken ashana da ɗan gam a ciki, a bari ya bushe kafin a sake ɗaurewa.