Kurakuran da aka fi yi da sharar wurin gini a Abuja

Duk wanda ya taɓa kula da aikin gini a Karsana, Lokogoma ko Katampe ya san tsibin nan da ke bakin ƙofa: fasassun bulo, buhunan siminti, guntayen katako da ƙusa a jiki, ledojin ruwa, har da ragowar shinkafar leburori. Uwar kurakuran ke nan. Da zarar an cakuɗe su wuri guda, kayan da za a iya mora sun koma bola, sai ka sake biyan tifa ta kwashe abin da ka saya da kuɗinka.

Gyaran ba ya buƙatar wata na'ura. Tun ranar da aka fara haƙa harsashi a keɓe wuri huɗu: na baraguzai, na ƙarfe, na katako, da na sauran tarkace. A ɗora wa lebura ɗaya alhakin tsincewa kafin a tashi aiki, don in aka bar wa kowa, kowa sai ya zuba wa ɗan'uwansa ido. A kuma yi wuraren inda mota za ta iya shiga. Na sha ganin an tara baraguzai a bayan gida, an ja katanga, daga baya a koma jigila da baro kwana biyu.

Batun ciko ne ya fi ba ni takaici. Baraguzan bulo da kankare ciko ne mai kyau, yana rage maka sayen jar ƙasa, amma mutane sun ɗauka rami ne na ɓoye ƙazanta. A wani gida da na yi aiki a Kubwa, an cika ƙasan falo da duk abin da hannu ya kai gare shi. Bayan damina biyu tayil ya fara amsa kuwwa in an taka, can gefen taga ya lotsa. Da muka fasa, sai ga falanki ya ruɓe, gara ta yi gida a ciki, buhuna a dunƙule sun hana ƙasa zama. Katako, leda, buhu da ragowar farin silin ba sa shiga ciko. Shi na ƙarshen ma ba ya shiri da danshi ko kaɗan. A farfasa baraguzan su koma kamar dunƙulen hannu, a zuba kaɗan-kaɗan, kaurin inci shida, a yayyafa ruwa a daddaɓe, sannan a ƙara wani.

Sai rodi. Tsawonsa mita 12 ne, kuma mai lanƙwasa ƙarfe in ba a ba shi jerin awo ba, yankan da ya zo masa zai yi. A zauna a lissafa dogaye da gajeru tare kafin a taɓa zarto, guntayen su tafi zoben ginshiƙi da saman taga. Wanda ya yi saura a auna shi a sikeli, a rubuta, a kai wa dillali sananne a Panteka ta Dei-Dei. Kada a bari mai gadi yana miƙa wa masu wucewa da dare. Tun watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan jari-bola yawo cikin gari saboda satar ƙarafan gwamnati, kuma ba ka son a ga kayanka cikin irin wannan rigimar.

Siminti kuwa, buhu mai kilo 50 kan zama dutse in aka jibge shi a kan daɓe da damina. A ɗora kan katako, a nesanta da bango, a fara da wanda ya riga zuwa.

Tifar da ta kawo yashi ko tsakuwa daga Mpape sau da yawa wayam take komawa. Ku daidaita da direba tun farko ya juya da kaya, ya fi sauƙi a kan kiran wata motar. Amma ka tambaye shi inda zai zubar. In ya ce, "Oga, bar mini wannan," to ka san bakin rafi ko lambatu ya nufa, kuma ruwan Agusta zai dawo da shi ƙofar wani. Hukumar kare muhalli ta Abuja, wato AEPB, ce ke kula da shara a birnin, akwai kuma bolar gwamnati a Gosa. Ni ba na cika wa direba kuɗinsa sai ya dawo ya nuna mini hoton wurin a waya. Haka nan ƙona buhuna da bututun roba da gwangwanin fenti da yamma, hayaƙin guba ne, kuma leburorin da ke kwana a cikin kangon su ne farkon shaƙa.